Wanda Ya Ce Ta Tafi

Hoton ya yi kwanaki a kan teburin Mai Gilashi, alhali aikinsa bai fi na rabin yini ba. Duk wanda ya leƙo shagon sai ya tarar da shi sunkuye a kansa, kamar mai neman allurar da ta faɗi.

'Yarsa ce ta kawo shi a yi masa firam, za a rataye a ofishinsu. A ciki, wani dattijo mai siririn tabarau yana tsaye gaban farin allo da aka lilliƙa wa ƙananan takardu masu launi-launi, ya ɗaga yatsa ɗaya yana magana. Ita kuwa tana gefensa, ta rungume fayil, ta karkata kai tana dariya har idanunta sun rufe. Mai Gilashi ya yi ta lalube a ransa ko zai tuna ranar ƙarshe da ta yi irin wannan dariyar a gidansa. Abin da ya samo ya yi nisa da yawa.

Uwata yake kiranta, domin sunan mahaifiyarsa ta ci. Dattijon kuma shi ne shugaban ƙungiyar da take wa aiki, kowa Malam yake ce masa. Ƙungiyar ba ta gwamnati ba ce, ba kuma makaranta ba ce. Hukumomin ilimi da masu makarantu ke kiransu su zo su gano abin da ya sa ake barin wasu yara a baya, ɗan talaka, da kurma, da wanda gidansu ya yi nisa da aji. Sai su saurari iyaye da malamai, su ba da shawara, su horar da shugabannin makarantu. Mai Gilashi ya haddace wannan bayanin, amma duk sanda ya zo maimaita shi sai ya kakkarye a bakinsa.

Tela, wanda shagonsu ke jingine da juna, ya shigo da kofin shayinsa ya tsaya a kan hoton.

"Wai ita malamar makaranta ce?"

"Malaman take koya wa."

"Me take koya musu?"

"Shugabanci."

"Yarinyar da nake ɗinka wa rigar makaranta ina ƙara mata tsawo saboda baɗi, ita ke koya wa hedimasta shugabanci?" Tela ya kurɓi shayi, ya nuna dattijon da haɓa. "Wannan fa? Ko surukinka za a yi ba ka gaya mana ba?"

"Yana da iyalinsa, har da jikoki. Matarsa ma ke aiko wa Uwata da turare." Mai Gilashi ya hure ƙurar da babu ita a kan hoton. "Da aurenta yake nema ai da na san inda zan tare shi. Ko in ce na ba ka, ko in ce ban ba ka ba. Wannan bai nemi komai a wurina ba."

A ranar ya yanka farin kwalin da ake zagaye hoto da shi. Hannun da ya yi shekara da shekaru bai kauce wa layi ba, sai ga shi ya matse tagar daga gefe guda, ta cinye kafaɗar Malam da rabin kunnensa. Da Uwata ta biyo da yamma ta ɗaga firam ɗin, ta daɗe tana kallo.

"Baba, ina kunnen Malam?"

"Mai ɗaukar hoton ne bai saita ba."

"Kai da kake kwance firam gaba ɗaya don ƙwayar ƙura ta shiga ƙarƙashin gilashi?"

Ya karɓa ya ajiye. Washegari ya sake yanka wani kwalin, ya mayar wa Malam kunnensa.

Bangon falonsu cike yake da takardun shaidarta, tun daga ta firamare, kowacce shi ya yi mata firam da hannunsa. Nasa karatun a tsakiyar sakandare ya tsaya. Lokacin tana ƙarama shi ke zama da ita a kan aikin gida, har ranar da lissafin ya fi ƙarfinsa; daga nan ya koma zama a gefenta yana feƙe mata fensir, ko tana buƙata ko ba ta buƙata. Bai taɓa jin haushin ta wuce shi ba. Don ta wuce shi ɗin ya yi ta ɗaukarta a kan keke cikin rana da ruwa. Abin da bai shirya masa ba shi ne, a can gaba inda shi ba zai iya kaiwa ba, ta tarar da wani a tsaye yana jiranta.

Yanzu ba a gama cin abinci a gidan ba tare da Malam ya zauna a tabarmar ba. Malam ya ce shugaba shi ne na ƙarshen magana a taro. Malam ya ce kada ka tambayi yaro me ya sa ya daina zuwa makaranta, ka tambayi makarantar me ta yi masa. Har yadda take sauraro ya canza. In babanta ya yi mata faɗan ta dawo a makare daga zagayen makarantun ƙauye, ba ta ƙara turo baki kamar da. Sai ta ajiye cokali, ta dube shi da natsuwa, ta ce, "Na ji ka, Baba. Abin da nake ji kana cewa shi ne hankalinka ba ya kwanciya in ina kan hanya."

"Abin da na ce shi na ce. Ba na neman tafinta a gidana."

Mamanta takan yi dariya ta ce, "Ai gaskiya ta faɗa. Wane ne ke zuwa bakin titi sayen ashana alhali akwai kwali guda a kicin?"

Ranar da Malam ya zo karɓar firam ɗin da kansa, Mai Gilashi yana tsakiyar yanka gilashin taga. Ya ji an yi sallama, an ce, "Nan ne shagon baban 'yarmu?"

'Yarmu. Ya maimaita kalmar a ransa. Ya ja layin, ya ɓalla gilashin, sannan ya ɗago.

Ya so ƙwarai mutumin ya kasance mai girman kai, mai toshe hanci saboda warin fenti, don ya samu ya ƙi shi da hujja. Sai ga tsoho marar nauyi, takalminsa ya sha hanya, ya ja kujerar katako mai tabon manne ya zauna ko kakkaɓewa bai yi ba. Ya yaba firam ɗin. Ya tambayi yadda ake sanin inda gilashi zai karye, ya kuma saurari amsar har ƙarshe, kansa a karkace. A nan Mai Gilashi ya gane inda 'yarsa ta samo wannan karkata kan.

"Na san ta gaya maka maganar gidauniyar nan," in ji Malam.

Ba ta gaya masa komai ba. "Eh, ta ɗan taɓa min," ya ce, yana goge hannu da tsumma.

"Sun nace mata. Suna so ta jagoranci shirinsu gaba ɗaya, makarantun ƙasashe da dama a ƙarƙashinta. Sai dai can za ta zauna, a hedikwatarsu, ƙetaren teku. In ta tafi, zuwa gida sai shekara-shekara." Malam ya cire tabarau ya murza ido. "Ni kuma ƙarfina ya fara ja da baya. Kujerata nake so ta hau. In ta ƙara ɗan lokaci a gefena, sai in miƙa mata in koma wasa da jikoki. Tun da maganar ta taso ba ta cin abincin rana. Ka dai san halinta, in abu ya dame ta sai ta bi kofunan ofis tana wankewa, har waɗanda ba a sha komai da su ba."

"Haka take," in ji Mai Gilashi. Bai san haka take ba. Sai a lokacin ya tuna 'yan kwanakin nan yana jin ƙarar kwanuka a kicin tun da sassafe, ya ɗauka ƙwazo ne.

"Ta ce ba za ta yanke ba sai ta ji daga bakinka. Shi ya sa na zo da ƙoƙon barana. Ni da kai abu ɗaya muke so. Ka taimake ni mu riƙe 'yarmu."

Bayan motar baƙon ta tafi, Mai Gilashi ya zauna a kujerar da Malam ya tashi, ya ji ta da ɗumi, ya miƙe ya canza wata.

Gaskiya tsohon ya faɗa, abu ɗaya suke so. Ko tunanin teku tsakaninsa da Uwata ba ya son yi. In ta zauna, kullum da yamma zai ji ƙarar ƙofa, ya ji ta tana cire takalmi. Amma ya hango sauran: ta zauna a kujerar Malam, a ɗakin Malam, hotonsu su biyu a saman kanta cikin firam ɗin da shi ya haɗa. Baƙi su shigo a ce musu, ai rainon Malam ce. Malam kuma ya riƙa gaya wa matarsa, na je na ga babanta, mun daidaita. Wato ko wannan shawarar, wadda aka ce daga bakinsa ake jira, an riga an tauna an sa masa a baki. Shi ɗan aike ne kawai.

Ranar hutunta ta zo shagon da la'asar. Ta ɗauki tsintsiya ta share ɓarɓashin gilashi, ta gyara jerin katakon firam da ba su karkace ba, sannan ta zauna.

"Baba, akwai maganar da na daɗe ina juyawa."

"Na ji ƙishin-ƙishin."

"Malam ya riga ni ke nan." Ta sunkuyar da kai. "Kai na so in fara gaya wa. Hawan jininka na ji wa tsoro."

"Ke me kike so?"

"Rabin raina yana can. Aiki ne da ko a mafarki ban kai kaina wurin ba. Amma ga ka, ga Mama da ciwon ƙafarta." Muryarta ta yi laushi. "Ga kuma Malam. Tun da nake tare da shi bai taɓa roƙona komai ba sai wannan. Ina ganin zama zan yi."

Shi ke nan, an ba shi abin da yake so ba tare da ya roƙa ba. Ba abin da ya rage masa sai ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, su kulle shago su tafi gida tare. Har ya buɗe baki zai faɗa. Amma laushin nan da muryarta ta yi, ba a kan sunansa ta yi shi ba.

"Don Malam za ki zauna?"

"Don ku duka, Baba."

"Cire mu a ciki. Ni da mamanki ba mu kai a zauna jinyarmu ba." Ya ji muryarsa tana fita da ƙarfi, tsaf-tsaf, kamar ta wani mutum mai ilimi. "Ban yi ta ɗaukarki a kan keke ba don ki ƙare a gadon kujerar wani. In kika zauna, duk abin da kika gina za a ce shi ya aza tubalin. Ki je inda ba wanda ya san Malam. Su san ki da sunanki."

Da sunan ubanki, ya ƙarasa a zuci.

Ta dube shi, idanunta suka cika. "Wallahi na ɗauka kai ne za ka fara hana ni."

"To kin ga ba ki gama sanina ba."

Ya jira ta ce masa abin da take ji yana cewa, kamar yadda ta saba. Ba ta ce ba. Ta share ido da gefen mayafinta, ta ce, "To, Baba."

Rabon da ya ji waɗannan kalmomi biyu a haka, ba ƙari ba sharhi, har ya manta. Daɗinsu ya riƙe shi yana jan ƙofar shago, ya riƙe shi a hanya suna tafe tana riƙe masa jaka. Sai da ya ga ta shige ɗakinta tana kiran wata ƙawarta a waya da murna, sannan daɗin ya sauka, ya bar shi tsaye a tsakar gida.

Matarsa tana ninke wanki a ɗaki lokacin da ya shiga. Ba ta ɗago ba.

"Kai ka ce ta tafi?"

"Ni na ce."

"Kai da in ta je ƙauyen da ake zuwa a dawo a yini, sai ka ƙarar da cajin wayarka ka ari tawa?"

"Ci gabanta nake dubawa."

Ta ninke riga, ta ɗora a kan 'yan'uwanta, ta danna da tafin hannu. "Maigida, ba jiya aka kawo ni gidan nan ba. Mai furfura ya miƙo hannu, kai kuma ka ɗauke 'yata ka jefa bayan teku don kada ya taɓa."

"Ki iya bakinki."

"Na iya. Ba zan gaya mata ba. Gara ta tafi da uban da take zaton tana da shi."

Kwanakin da suka biyo baya ya shiga neman hanyar warware abin da ya ƙulla. Ya ce an ce sanyin can yana shiga ƙashi. Ya ce ya ji a rediyo wani jirgi ya yi saukar gaggawa. Ya ce mace ita kaɗai a garin da ba dangi, in zazzaɓi ya kama ta wa zai miƙa mata ruwa? Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce, "Baba, kai ka ba ni ƙarfin gwiwa, ba kai za ka karya min ita ba."

Ta riga ta amsa wa gidauniyar. A ofis ta ba kowa labari, a taron sallamar da aka yi mata ma ta maimaita maganarsa kalma-kalma, har aka tafa. Abokan aikinta suka fara biyowa ta shago don su gaishe da uban da ya ce 'yarsa ta je a san ta da sunanta. Tela ya riƙa nuna shi ga masu kawo ɗinki yana cewa, "Kun gan shi nan shiru-shiru, ashe shi ne babban mai ba da shawarar." A gida kuwa Malam ya tashi daga tabarma. Yanzu Baba ya ce, Baba ya ce. Abin da ya shekara yana marmari ke nan, ga shi ya samu, kowace faɗa tana ƙara matso da ranar tafiya.

Wata safiya ya tsaya a ƙofar ɗakinta da maganar a shirye. Akwatuna a buɗe, littattafai a ƙasa. Zai ce, Uwata, na sake tunani. Ita kuma za ta ajiye abin da ke hannunta, ta karkata kai, ta tambaye shi me ya canza. Kuma ya san ba za ta bar tambayar ba sai ta kai gindinta, aikinta ke nan. Ba yadda zai ce ta zauna ba tare da ya faɗi abin da ya sa ya ce ta tafi ba.

"Baba, ka zo a daidai," ta ce. "Suna son ganin takardar digirina ta asali. Za ka cire min ita?"

Ya sauke firam ɗin daga bangon falo, ya kife shi a cinyarsa, ya bi ƙananan ƙusoshin da ya buga da kansa yana zarewa ɗaya bayan ɗaya. Inda firam ɗin ya tashi, fentin bangon ya fi na kewaye haske.

Mamanta ta ce ba za ta je filin jirgi ba, ƙafarta ba za ta ɗauki tsayuwa ba. A ƙofar gida suka yi sallamarsu, suka daɗe. Shi ya raka ta a tasi. Suna isa suka tarar da Malam yana jira, ya riga su.

Ba ta yi doguwar magana ba. Ta durƙusa ta gaishe su su biyu. Ta ce wa Malam, "Don Allah ka riƙa leƙa min Baba." Ta ce wa babanta, "Ka riƙa shan maganinka, kada sai Mama ta yi faɗa." Ya sa mata albarka. Ta tura kekenta na kaya ta shiga layi, ta waiwayo sau ɗaya ta ɗaga hannu, kowannensu ya ɗaga nasa.

Suka tsaya har bayan ba sauran abin gani.

"Zo in sauke ka," in ji Malam.

Ya so ya ce a'a, amma bai ga ƙarfin tsayawa neman tasi a jikinsa ba. Suka taka zuwa inda motoci suke, rana tana dukan ƙeyarsu. Malam ya sa makulli, sai ya tsaya bai buɗe ba.

"Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi da kai. Na zo har shagonka na roƙe ka, ka yi min akasi." Ya yi ɗan murmushi. "Daga baya na zauna na yi wa kaina hisabi. Shekara da shekaru ina tara shugabannin makarantu ina gaya musu, in na ƙasa da kai ya isa ya wuce ka, ka buɗe masa ƙofa. Da abin ya zo kaina sai na tsaya a bakin ƙofar. Kai da ka haife ta, ka fi kowa asara, kai ka buɗe. Ni kaina nake so. Kai ita kake so."

Mai Gilashi ya dubi tsohon. Babu zolaya a fuskarsa ko kaɗan, idanunsa ma sun yi ja. Gaskiyar dalilinsa ta hau har kan harshensa, ya ji nauyinta, ya ji ɗacinta.

"Allah ya sa mu dace," ya ce.

Ya buɗe ƙofar gaba ya shiga. Kujerar a matse take, an jawo ta gaba sosai, gwiwoyinsa suka tokare, ƙirjinsa ya kusa taɓa gaban motar.

"Ja ta baya, akwai ƙarfe a ƙarƙashi," in ji Malam yana tayar da mota. "Ita ke zama nan in za mu zagaya makarantu, tana karanta min rahoto a hanya. Ka san ba tsawo gare ta ba."

Mai Gilashi ya kai hannu ƙasa, ya taɓa ƙarfen, ya riƙe shi. Sannan ya saki.

"Bar ta haka."

Suka fita titi. Wani jirgi ya taso ta bayansu da ruri, ya bi ta saman motar, su duka biyu suka sunkuya suna leƙensa ta gilashin gaba, ba wanda ya san ko nata ne.